Sabon tamostat ɗina na gani rataye a dalbejiyar gareji

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya min a wuya, ko abinci ba ya min daɗi.

Ni malamar makaranta ce a Kambarawa. Motar da nake hawa ta marigayi mahaifina ce, ya saye ta shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, kuma tun lokacin hannu ɗaya ke taɓa ta, na amininsa, wani bakanike a Ƙofar Durbi, bari in kira shi Baba Audu. Shi ya yi wa mahaifinmu wanka da ya rasu, don haka a gidanmu ba mai ɗaga masa murya. Hajiya, mahaifiyata, kullum sai ta tuna min marigayi ya ce ko bayan ransa kada motar ta je wani gareji.

Kwanaki mota ta fara zafi, har ta tafasa min a hanya. Baba Audu ya duba ya ce tamostat ne ya maƙale, ɗan ƙarfen nan mai sifirin da ke buɗe wa ruwan lagireto hanya idan inji ya ɗau zafi. Wai cirewa za a yi a yar, don ƙasashen ƙanƙara Bature ya yi shi, mu nan rana ta ishe mu. Na ce a'a Baba, a wannan zauren ma na karanta cewa cire shi na cinye inji a hankali. Na je da kaina na sayo sabo, mai shagon ya ɗiga masa shuɗin fenti, alamar nan da suke yi don kada a dawo musu da wani. Da na je ɗaukar mota ya dubi tsabar idona ya ce, "Ɗiyata, wallahi an sa shi, tahi abinki."

To tun ranar allurar zafi ke kwance ba ta ko motsi, fanka na ihu daga tayarwa har kashewa, mai kuwa kamar a rariya nake zubawa, ga baƙin hayaƙi. Na koma garejin na tarar ya tafi masallaci, na zauna jira a gindin dalbejiya. Ina ɗaga kai sai ga wata waya an jera mata tamostat kamar tsire, duk sun yi tsatsa, na motocin bayin Allah. A can ƙarshe ga nawa yana sheƙi da shuɗin fentinsa, ko ruwa bai taɓa shi ba. Na ciro shi na jefa a jaka.

Da ya dawo na nuna masa, ko kunya bai ji ba, dariya ma ya yi. Wai tun ban zo duniya ba yake cire su, wai matsalar matan yanzu karatun waya. Abin da ya fi ƙona min rai, da bakinsa ya ce marigayi ma haka ya yi ta taurin kai, shekara da shekaru bai bari an cire ba. Ashe jira yake mai motar ya kwanta dama ya yi abin da yake so, har da rantsuwa a kai. Tir!

Na faɗa wa Hajiya, sai ta rufe ni da faɗa, wai a kan ɗan ƙarfe zan ƙaryata mutumin da ya wanke ubana. Ta ce ranar da motar ta taka wani gareji in ajiye mata makulli. Ni kuma ina ji ina gani injin na lalacewa, kuma motar nan ita kaɗai ta rage min daga mahaifina, har yanzu carbinsa na rataye a madubi.

Jama'a ya zan yi? In kai ta wani wuri a ɓoye a sa min, in zama maƙaryaciya a wurin uwata kamar yadda Baba Audu ya zama a wurina? Ko in bi wasiyya in zuba ido motar ta mutu a hannun wanda aka ba amanarta? Ranar Asabar zai zo gaida Hajiya, kuma ni aka ce in tuƙa masa tuwo. Tamostat ɗin na nan cikin jakata tare da alli, ban san ko in ɗora masa shi a kan faifan tuwon ba.