Gwazar Bature a Fadamar Fagam

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda kika koya mini, ina fata kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki.

Jiya na sauka fadamarmu ta Fagam, na tarar gwazar Bature ta fi ni tsayi, sai na kasa yin shiru.

Kin san yadda ta zo mana. Baba yana aikin lambu a gidan wani Bature a Birnin Kudu. Da aka sami mulkin kai, mutumin zai koma ƙasarsu, ya ba shi saiwa guda. Baba ya dasa ta a bakin idon ruwa, inda ƙasa ba ta bushewa. Ganyenta ɗaya ya ishi mutum biyu fakewa daga ruwan sama. Ba a cin ta, ko akuya ta lasa sai ta yini tana dalalar da miyau. Don kallo kawai aka yi ta. Ke kanki kina tsokanar Baba, wai ya kawo mana baƙuwar da ba ta iya komai ba sai shan ruwa.

A shekarar babban fari Baba ya rasu. Gonaki sun ƙone, fadamar kaɗai ke da danshi, ita kuma ce abin da ya bar mana. Kina cikin takaba ba kya fita, sai ƙaninsa, Baffa Sule, ya sauka da adda. Wai zai share wurin ya sa dankali. Kowa ya san in ya share ya shuka, fadama ta zama tasa.

Da labari ya iso, ba ki ko nemi takalmi ba. Taɓarya kika ɗauka.

Ina bayanki, na ga komai. Ya riga ya kwantar da ganyen, yana daddatsa saiwar yana watsawa cikin laka. Kika maka masa taɓaryar a kafaɗa, na ji ƙarar ƙashi. Ya juyo a fusace ya kawo sara, kika tare da hannu. Yatsunki biyu suka faɗa cikin taɓo. Jini ya yi ta tsartuwa a kan ganyen, ni kuma ina ta kururuwa.

Ba ki yi kuka ba. Kika zauna daram a kan kututturen, hannu naɗe cikin zani, kika ce, “Sule, ƙarasa. In za ka shuka a nan, a kaina za ka shuka.”

Mutane suka janye shi. Aka yi ta zaginki wai kin keta takaba, dagaci ya ce a dakata da maganar fadamar sai damina.

Da ruwa ya sauka, duk guntun saiwar da ya watsar ya tsiro. Fadamar ta cika maƙil, da hannunsa ya dasa mana ita. Ya zo ya tsaya daga nesa da karkatacciyar kafaɗarsa, ya juya, bai sake dawowa ba.

Fadama ta tabbata tamu, Inna, amma ba ki ƙara riƙe taɓarya ba har kika bar duniya. Kin ce kin yafe masa. Ni har yau abin yana ci mini rai, kuma ina kewarki ƙwarai.

Allah ya jiƙan ki, ya sanyaya kabarinki, ya haɗa ki da Baba a Aljanna, ya mayar miki da yatsunki cikakku.

Taki har kullum,
Ladidi