Karen Maƙwabcinmu Ya Tsare Mu A Gida

Assalamu alaikum Anti Rahima. Don Allah ki taimaka min da shawara, abin nan ya kai min wuya kuma ban san wanda zan gaya wa ba.

Ina aure a Gashuwa. Gidanmu ne na ƙarshe a lungu, lungun kuma ba ya ɓullewa, duk inda za mu sai mun bi ta ƙofar maƙwabcinmu Malam Ajimi, mai sayar da bandar kifi. Tun da ɓarayi suka fasa masa ɗakin ajiya bara, ya samo wani ƙaton kare daga wajen mafarauta a Jajimaji. Ba ya ɗaure shi. Wuni yake kwance a tsakiyar lungun, da ya ji motsi sai ya taso yana gurnani, haƙora a waje.

Ɗinki nake yi a gida, yanzu mata sun daina zuwa. Mai ruwa ma a bakin titi yake tsayawa. Ran nan karen ya cafke min hijabi ya yaga, da ƙyar na faɗa gida. Amma ba wannan ya fi ci min rai ba. Surukina, Baba Goni, idonsa ya yi rauni, duk da haka da sandarsa yake lallaɓawa masallaci, ba ya fashin jam'i. Watan jiya karen ya bangaje shi, ya faɗi ya gurje gwiwa. Tun ranar a zaure yake salla. In aka yi kira sai ya miƙe ya ɗauki sanda, ya tsaya a bakin ƙofa, can kuma ya dawo ya zauna. Ni kuwa sai in shiga ɗaki in yi ta kuka.

Za ki ce ina maigidana. Direba ne, kullum yana hanyar Nguru. Lokacin ambaliya ba ya gari, Malam Ajimi ne ya goyo Baba ya fitar da shi daga ruwa. Shi ya sa ya ce bakinsa ba zai iya yi wa mutumin nan ƙorafi ba, ni ma ya hana ni. Ƙanwata ta ce in sa wa karen guba a tuwo. Wallahi har na fara tunani, sai na ji tsoron Allah. Tashi kuma ba zai yiwu ba, gidan gado ne. Yaya zan yi?

Taki, mai ɗinki a ƙarshen lungu, Gashuwa.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na ji zafin da kike ji.

Da farko ki cire maganar guba daga ranki. Dabba ce, gadin da aka kawo ta yi take yi, kuma ranar da ta mutu gidanku za a fara nunawa.

Malam Ajimi yana da uzuri, an yi masa sata, abincin iyalinsa yake tsarewa. Sai dai kifinsa a cikin gida yake, lungu kuwa hanyar kowa ce. Mijinki ma ban ga laifin kunyarsa ba, ya dai ajiye ta inda ba wurinta ba. Mutumin da ya shiga ruwa saboda tsohon nan, da wuya ya yarda karensa ya raba shi da masallaci. Ina kyautata zaton bai ma san Baba ya faɗi ba, tunda a kasuwa yake wuni, ku kuma kun yi shiru.

Ki samu maigida lokacin da ya huta, ban da faɗa. Ki roƙe shi ya zauna a zaure ya ga mahaifinsa in an kira salla. Sannan ya ɗauki liman su je wajen Malam Ajimi, su fara da godiya, su faɗa masa abin da ya faru. Buƙatar ba ta da yawa: a ɗaure karen da sarƙa a cikin gida, kada a sake shi sai an rufe ƙofa, a kuma kai shi wajen likitan dabbobi a yi masa rigakafin haukan kare. In abin ya ƙi, sai a sa Bulama, wato mai unguwa, a ciki, sulhun unguwa aikinsa ne.

Kafin nan, in karen ya taso kada ki gudu. Ki tsaya cak, kada ki zuba masa ido, ki ja da baya a hankali. In ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin sosai da sabulu da ruwa, a wuce asibiti nan take.

Kada ki bari Juma'a ta zo ba a yi maganar nan ba. Allah ya ba maigidanki ƙarfin gwiwa, ya bar ku da maƙwabcinku lafiya.

Anti Rahima