Sau Biyu Ka Nemi In Cire Ka, Yohanna

Zuwa ga ƙanena Yohanna,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kana cikin hutun da aka alkawarta mana. Mama tana nan, ƙafar ce dai ke damunta. An sare raken fadama, bai yi auki ba bana, don babu mai kula da shi yadda kake yi. Yau wata bakwai da muka binne ka a Malikanchi, kuma akwai maganar da na haɗiye tun ranar. Na zaɓi in rubuta ta a nan zaurenmu na hira a waya, inda abokan wasanmu za su karanta, saboda a gaban idonsu aka yi abin ba su lura ba.

Ka tuna yadda wasan nan ya shigo gidanmu. Ina koyar da lissafi a Makarfi wani abokin aikina ya sa mini shi a waya. Ana ba mutum ƙungiyar ƙwallon kwando ta wata jami'ar Amurka, ya zama kocinta. Ba da hannunsa zai jefa ƙwallo ba. Aikinsa ya duba 'yan wasa, ya zaɓi biyar da za su fara, ya tsara wa zai canji wa, sai na'ura ta buga wasan ta kawo sakamako. Kowane ɗan wasa da makinsa a jere: jifa, tsaro, gudu, tsalle, juriya.

Duk Juma'a in na dawo gida da yamma, sai ka zauna kusa da ni a bencin ƙofar gida kana leƙen wayar. Na koya maka kada makin jifa ya ruɗe ka, ka fara duba sau nawa mutum ke zubar da ƙwallo. Na nuna maka cewa tara gwanaye biyar ba shi ne haɗa ƙungiya ba, dole a samu gajere mai wayo da zai raba ƙwallo, da dogo mai tsare gindin kwando ko da bai iya jifa ba. Kai kuma kullum akwai wani raggon ɗan wasa da kake tausayi, ka ce in ba shi ko minti biyar, wai ya gaji da zaman benci. In yi dariya in ce ba mutum ba ne, lamba ce. Wata rana ka ce mini, "Yaya, kai ko a kasuwa ka ga mutum sai ka ba shi maki."

A shekara ta biyu na gano wata dabara. Wasan yana nuna gajiyar ɗan wasa da launi, daga kore zuwa ruwan ɗorawa, daga nan zuwa ja. Kowa na cire nasa da zarar ya kai ruwan ɗorawa. Ni na zauna na yi lissafi, na ga gwani a gajiye ya fi raggo mai sabon ƙarfi amfani. Sai na tsara kada a cire manyana sai sun yi ja. Da wannan na ci kofi sau biyu, 'yan zauren wasan suka fara kirana Koci, suna turo mini 'yan wasansu in auna musu. Kaina ya kumbura, Yohanna, ba zan ɓoye ba.

Shi ya sa da samarin Ikara suka gyara filin simintin nan na bayan makaranta, suka ce in zo in horar da su, ban yi musu ba. Ban taɓa buga ƙwallon kwando na minti goma ba a rayuwata. Na sayi littafi, na rubuta sunan kowa, na ja layuka irin na waya. Kai ne ka fi kowa tsawo, yatsunka zara-zara, ƙwallo in ta shiga hannunka kamar lemo. A gurbin juriya na ba ka tara cikin goma, saboda na san kana wuni ɗaukar rake ba ka ce wash ba.

Akwai ranar da ka zauna a gefen fili lokacin atisaye, ka dafe ƙirji. Na tambaye ka, ka ce, "Numfashi ne ya ɗan sarƙe mini, yanzu zai wuce." Ya kuwa wuce, ka tashi ka ci gaba. Ban gaya wa Mama ba, ban ce mu je asibiti ba. Ko makin nan na tara ban rage ba.

Ranar Asabar ɗin da muka je Kudan buga wasa rana ta yi zafi ƙwarai. A zangon ƙarshe muna gaba da maki huɗu, kuma rabin abin da muka ci kai ka jefa. Wanda zai iya canjinka a benci Musbahu ne kaɗai, ɗan gidan tela, wanda na ba mafi ƙarancin maki a littafina.

Ka ɗaga hannu kana kallona, ka juya yatsa, alamar canji da ni na koya muku. Na gan ka sarai. Na waiwaya na dubi Musbahu, na yi lissafin nan nawa a kai, na yi maka alama ka ci gaba.

Da ƙwallo ta fita waje sai ka tako har bakin layi. Leɓɓanka sun yi fari. Ka sunkuyo don kada kowa ya ji, ka ce, "Yaya, cire ni. Ƙirjina." Ni kuma na ce, "Saura minti uku. Daure." Ka kalle ni, ka gyaɗa kai, ka koma. Tun kana ƙarami ba ka taɓa yi mini gardama ba, kuma na san da haka lokacin da na faɗa.

Ka ƙara jefa guda ɗaya. Kana komawa tsaro da gudu sai ka kife, babu wanda ya taɓa ka. 'Yan kallo har sun fara dariya, sun ɗauka santsi ne.

Wani mutumin garin Taba da bai san mu ba ya sauke kwandunan tumatirinsa a bakin hanya, ya ce mu sa ka a bayan motarsa. Kanka yana kan cinyata, Musbahu yana yi maka fifita da rigarsa. Ina ta kiran sunanka. Kafin mu kai asibiti hannunka ya saki.

Likita ya ce wata babbar jijiyar zuciya ce ta fashe, da raunin aka haife ka, kuma zai iya faruwa a gona ko a kan gado. Kowa ya kama wannan magana ya riƙe. Da muka rage mu biyu na tambaye shi, da a ce ka zauna ka huta fa, da an kawo ka tun kana magana fa? Ya dubi takardar gabansa, ya ce ba zai iya ce mini i ko a'a ba.

Wurin jana'iza mutane suka yi ta riƙe hannuna suna cewa na yi ƙoƙari. Fasto ya ambaci yadda na ɗauko ka a cinyata. Musbahu ya zo da mahaifinsa gaisuwa, ya durƙusa yana kuka, ya ce, "Koci, da na iya wasa da ka sa ni ya huta. Laifina ne." Na dafa kafaɗarsa na ce ya daina faɗin haka. Iyakar abin da na ce masa ke nan. Na bar yaron nan ya tafi da nauyin da ba nasa ba har wata bakwai. Musbahu, in kana karantawa, babu laifinka ko ƙanƙani. Zan zo har gida in faɗa a gaban babanka.

Abin kunya ne, amma sati biyu da binne ka na buɗe wasan. Na shiga wurin tsara canji na mayar da kowa kan kore, da zarar sun fara gajiya a cire su. Aka ci ni wasa huɗu a jere. Na zauna ina kallon sakamakon, na ga ban gyara komai ba, sai na rufe. Har yau 'yan zaure suna turo mini tambaya, wa ya kamata ya fara, wa za a ajiye. Ba girman kai ya hana ni amsawa ba, jama'a. Ban ƙara yarda da idona a kan kowa ba.

Makon jiya na gaya wa Mama. Da safe ne, tana zaune a tsakar gida tana ɓarar masara. Na durƙusa na faɗa mata komai, har da ranar atisayen. Hannunta ya tsaya. Ta ce, "Sau nawa ya roƙe ka?" Na ce sau biyu. Ta ce, "Kuma ka ji shi?" Na ce na ji shi, Mama.

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta ɗauki wata masarar ta ci gaba da ɓara, har na fara jin ƙafafuna sun sage. Na ce ta yafe mini. Ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Ishaku, ni ba ni ka hana hutu ba. Je ka gaya masa."

To, Yohanna, ga ni na zo. Ka ce in cire ka, na ji ka da kunnena, na zaɓi maki huɗu. Ban sani ba ko da ka rayu, kuma ba zan taɓa sani ba. Amma na san ƙanena ya ce mini yana jin ciwo na ce ya daure. Ka yi haƙuri, ɗan uwana. Ka yi haƙuri, Dogon Mama.

Ya Ubangiji, ka riƙe shi kusa da kai, ka ba shi hutu marar yankewa. Ka sanyaya zuciyar mahaifiyarmu, ka ba ta ikon sake kallon fuskata in lokacinta ya yi. Ni kuma ka yi mini jinƙai, ba don na cancanta ba. Amin.

Naka har ranar da za mu sadu,
Yayanka, Ishaku.