Fararen Duwatsu a Bayan Kangon Coci

Litinin, 7 ga Oktoba, 1974
Ruwa tun safe. Gonar da kangon cocin yake ciki ta zama tawa. Ni da na bar ƙauyen nan da takalmin aro, yau sunana ne a jikin manyan motoci. Hanyar da zan fitar musu za ta bi ta arewa da bangon kangon.

Laraba, 9 ga Oktoba
Na zagaya wurin. An ce sufaye suka gina shi, sojoji suka ƙone rufin tun zamanin kaka da kakanni. Saura bango uku, da siririyar taga, sai hankaki. Ta arewa ƙananan fararen duwatsu birjik cikin ciyawa, ba rubutu. Na ce wa Fachtna mai katafila ya kwashe su. Wai, "Ranka ya daɗe attajiri, kai za ka fara ɗaga na farko, ni in bi baya." Matsoraci.

Lahadi, 13 ga Oktoba
Yaya Gobnait ta tare ni bayan an tashi daga coci. Ta tsufa, bakin dai yana nan. "Kai Malachy, arziki ya toshe maka kunne? Jariran da suka mutu ba baftisma ne a wurin." Na ce na sani, zancen mutanen da ne, wa ya san su?
Ta ce, "Ku biyu aka haifa."
Wai ɗayan ma namiji ne, bai zo da rai ba, bai ko yi kuka ba. Fada, limamin cocin, ya hana shi maƙabarta. Baba ya sa shi a akwatin man shanu ya kai can. Ba a raɗa masa suna ba, ba a sake zancensa ba.

Litinin, 14 ga Oktoba
Ƙarya take. Baƙin ciki ne.

Laraba, 16 ga Oktoba
Na tuna Mama kan bi ta gonar nan in za mu coci, duk da nisan. Takan tsaya jikin bangon wai takalmi ya matse ta. Kowace Lahadi. Ni kuwa ina janye mata hannu.
Gobnait ma ba ta san wane dutsen ba ne.

Asabar, 19 ga Oktoba
Na ce wa Fachtna ƙasar arewa da laushi, mota za ta kafe, a bi ta kudu. Ya dube ni. Harkar aiki ce kawai.
Taɓo ya rufe duwatsun. Na goge su duka, tunda ina wurin.