Kunnen Surukina da Dalkon Motata

Baba Sa'idu, don Allah ka taimake ni kafin in sayar da mota in koma amalanke.

Ina da tsohuwar Fijo mai buɗaɗɗen baya, da ita nake kwasar tumatirin masu lambu daga bakin tafkin Madarumfa zuwa Maradi. Shekara tara ba ta taɓa kunyata ni ba, sai bana da surukina, mahaifin matata, ya dawo unguwarmu da zama. Tsohon direba ne, ya shekara talatin a hanyar Ɗan Issa, kuma a cewarsa kunne kawai yake sa wa inji ya san ciwonsa. Kunnen nan kuwa, Allah ya ƙara masa lafiya, ko kiran salla aka yi sai an taɓa masa kafaɗa.

Duk safiya sai ya buɗe gaban motar, ya sassauta dalko, abin nan da ke raba wa buji, wato fulogi, wuta a kan lokaci, ya murɗa shi yana gyaɗa kai. Ni kuwa ina durƙushe a gefe ina zuba godiya. Albarkacin wannan alheri, yanzu da ƙyar take tashi, a hawa tana ƙwanƙwasa, ga zafi, ga harbi ta bututun hayaƙi har awakin garin Safo sun san zuwana. Sau uku Yahaya bakanike yana daidaita ta, sau uku surukin nawa yana ceto ta daga hannun "yaran zamani". Shekaranjiya ta mutu da tsakar rana, kwando ashirin ya koma miya. Masu lambu sun ce in aka ƙara, za su ba wani lodin. Na roƙi matata Mariama ta yi masa magana, ta ce ai ni na ba shi makulli. Mutumin da ko sunansa ba na iya faɗa, yaya zan ce masa bai iya ba? Wallahi raina ya ɓaci.

Mai Tumatir, Madarumfa

Mai Tumatir, sannu da ladabi. Ban taɓa jin wanda ya durƙusa ana kashe masa sana'a yana godiya ba sai kai.

Amma kada ka raina tsohon. A zamaninsa da kunne ake yi, kuma ana dacewa. Kunnen ne ya yi ritaya bai sanar da shi ba. Ƙwanƙwasa da zafi alama ce wuta na riga lokacinta, harbi da rashin ƙarfi kuma tana makara. Taka tana yin duka biyun saboda kullum sabon wuri ake ajiye ta. Ka sa Yahaya ya duba buji da wayoyinsu da murfin dalko tukuna, kada a ɗora wa suruki laifin waya mai tsagewa.

Sannan ka ɗauki surukin naka a gaban mota, da girmansa, zuwa gareji. A haska fitilar auna wuta a kan alamar da ke jikin inji, shi ya riƙe dalko ya murɗa har alamar ta tsaya daidai a gaban idonsa. Ka miƙa masa fenti ya ja layi a wurin da hannunsa, a ɗaure ƙam. Gyaran Yahaya zai iya warwarewa kullum. Nasa kuwa, duk wanda ya taɓa sai ya yi shari'a da shi, har kai.

Allah ya kai tumatir Maradi yana tumatir, ya bar ku da mutuncin juna.

Baba Sa'idu