Madubin Baba Mwadkon

Gangare, Jos
23 ga Oktoba

Zuwa ga aminiyata Ana,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya zafin Legas, ya aikin asibiti? Mu nan jiki lafiya, amma raina a ɓace yake. Na ɗauki waya zan kira ki har sau uku ina ajiyewa, don na san ihu kawai zan yi ta yi, ba za ki gane komai ba.

Kin san na'urar hangen taurarin Babanki a gidana take tun da rufin ɗakinsa ya fara yoyo. Kin kuma fi ni sanin madubin da ke cikinta. Shekara biyu ya yi yana gugar gilashin nan da hannunsa a bayan gidanku na unguwar Congo-Russia, kuna yi masa dariya. To Ana, madubin nan ya tashi daga aiki, kuma Jika ne ya kashe shi.

Jika dai mai wurin wankin mota a Tina Junction, wanda muka yi wautar zaɓa shugaban ƙungiyarmu ta masu kallon sama don kawai yana da motar ɗaukar kaya. Mun shirya taron jama'a ranar Asabar a filin makarantar da nake koyarwa, shi kuma ya gayyato manyan baƙi da masu ɗaukar hoto. Ranar Juma'a ina aji ya zo gida ya ce wa maigidana zai kai na'urar filin. Ashe wurin sana'arsa ya wuce da ita. Wai ya leƙa ya ga 'yar ƙura a kan madubi, za mu ji kunya a gaban baƙi. Sai ya kwance shi, ya sa masa omo da soso, ya bi da man da suke goge fentin mota! Mutumin da ya shekara uku yana zama a taronmu. Sau nawa Baba ya faɗa mana wannan ba madubin kwalliya ba ne, ƙyallinsa a saman gilashin yake, ba a bayansa ba, ko yatsa ba a ɗora masa? Amma ina, in Baba na bayani, oga yana can gefe yana amsa waya.

Ranar Asabar bayan isha'i mutane suka cika fili, 'yan Gangare da 'yan unguwarku, har da mata masu goyo. Sama ta yi garau. Na saita na'ura a kan Zuhal, tauraron nan mai zobe da Baba ya fi so, na leƙa. Abin da na gani kamar an ɗiga koko a baƙin zane. Na ja Jika gefe, nan take ya faɗi abin da ya yi, yana roƙona da Allah kada in tona shi a gaban baƙinsa.

Muna cikin haka ƙanwarki Fibi ta iso riƙe da hannun Baba. Kin san al'adarmu, ba mai leƙawa sai ya fara. Ya sa ido ya daɗe. Ya cire tabarau ya goge, ya koma. Ya canza ido. Sannan ya tambaye ni a hankali ko ni ina ganin zoben.

Ana, na ce masa ina gani. Baƙi sun zagaye mu, Jika yana kallona kamar zai yi kuka, bakina ya riga hankalina. Baba ya gyaɗa kai, ya ce to shi ke nan, nasa ganin ya ƙare. Sauran jama'a Jika ya ce musu hazo ne, suka watse.

Tun ranar bai fita ƙofar gida ba. Fibi ta ce ya rantse ba zai je aikin cire yanar idon da kika sha wahala kika samo masa rana ba, wai ciwon da ya makantar da yayansa ne ya kama shi, ba yana ba. Shi kuwa Jika cewa yake mu yi shiru zuwa lokacin da zai sa masu yankan gilashi na kasuwa su yanko wani. Kin ji jahilci? Amma in gaya miki gaskiya, na fi jin haushin kaina.

Ki gaishe mini da yara. Ki zage ni in kin ga dama, na cancanta.

Taki,
Suwaiba

Gangare, Jos
29 ga Oktoba

Ana ƙawata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kowa lafiya, kuma zuciyarki ta ɗan yi sanyi. Duk abin da kika faɗa mini a waya na ji, ban ga laifinki ba.

Jika ya yi alkawarin za mu je wurin Baba tare. Na jira shi awa biyu a bakin titi, sai ga saƙo wai motoci sun yi masa yawa. Matsoraci! Na naɗe madubin a zane na hau keke ni kaɗai.

Na sami Baba a kwance da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba. Na durƙusa na faɗa masa komai, ban rage ko ɗaya ba. Ya karɓi madubin ya fita da shi tsakar gida, ya karkata shi wajen haske. Da idonsa ya ga zanen soson, har yana bin sa da yatsa yana nuna wa Fibi inda aka fi dannawa. Sai ya ce mata ta nemo masa katin asibiti. Ki kwantar da hankalinki, ranar Alhamis za su je.

Na zaci zai yi wa Jika tatas. Ko kaɗan. Cewa ya yi wanda bai sani ba ya yi aikin rashin sani. Ni ya juyo ya kalla. Ya ce abu ɗaya ya koya mini tun ranar da na fara zuwa wurinsa, mai kallon sama ba ya faɗin abin da bai gani ba, ko da kuwa a gaban wa. Ya ce kwana tara ya yi yana shirin zama makaho a kan maganata, saboda bai taɓa tunanin zan yi masa ƙarya ba.

Shekara takwas 'yata yake ce mini, ke shaida ce. Da na tashi tafiya ya raka ni har ƙofa, ya yi mini godiya da na kawo madubin. Malama Suwaiba ya kira ni.

Don Allah kada ki roƙe shi a kaina. Ki dai sanar da ni yadda aikin ya kasance, don ban san ko zai so ya buɗe ido ya gan ni a asibitin ba.

Allah ya ba shi lafiya. Ina gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Suwaiba