Ba Zan Ce Ɗari Biyu da Tamanin Ba

Zuwa ga Malam Isiyaku, malaminmu na kimiyya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗalibi ga malaminsa, na san wannan takarda ba za ta iske ka a Kurfi ba. Shekara shida da rasuwarka, har yanzu ni ke kula da ɗakin gwaji a makarantar da ka bar ni.

Ranar Talata sabon malami, mai digiri, ya rubuta wa 'yan aji biyar cewa sauti na gudun mita ɗari biyu da tamanin a sakan ɗaya, wai don zafin iska ba ya canjawa in sauti ya ratsa ta. Ina bayan aji ina wanke kwalabe. Na ce masa wannan tsohon lissafi ne, an gyara shi tuni. A gaban yara na faɗa, nan na yi kuskure. Yanzu shugaban makaranta ya ce ranar Litinin in shiga ajin in ce ni ne ban gane ba, ko a mai da ni makarantar ƙauyen Kuki.

Ka san halina. Kwana biyu ina zargin kaina: wa ya aike ni, ni mai takardar sakandare kawai? Sau uku na bi tsofaffin littattafan da nake rubuta abin da ya faru kullum.

Sai na iske shafin ranar da ka kai mu wurin mai facin keke a hanyar Rawayau. Ka sa muka toshe bakin famfon keke da yatsa, muka yi ta dannawa har ƙarfen ya yi ɗumi. Ka ce, "In aka matse iska da sauri, zafinta ba ya samun lokacin fita." Haka sauti ke matse ta, ta ƙara turjiya, gudun ya haura ɗari uku da talatin. A ƙasan shafin na rubuta cewa baƙin mai ya ɓata farar rigarka, kana ta dariya.

Malam, zan ba sabon malamin haƙuri a kan yadda na faɗa. A kan abin da na faɗa, a'a. Yaran nan da wannan lamba za su shiga jarrabawa, kuma da bakina ake so in tabbatar masu da ita. Kuki ba bangon duniya ba ce, babur na zuwa. Na riga na ce wa maiɗakina ta fara ɗaure kaya.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ni kuma ya hana muryata rawa.

Ɗalibinka,
Lawal